Hannun kawu

A lakwal, wato makarantar 'yan sanda, malaminmu yakan ce kada mu ɓata lokaci wajen kallon fuskar mutum, hannunsa za mu kalla, don ido bai taɓa soke kowa ba. In mutum na riƙe da ƙarfe, ka tsaya inda ba zai kai gare ka da tsalle ɗaya ba, ka kau da ƙugun da bindigarka take. Na haddace don jarrabawa kawai. Da aka turo ni Matameye, garin haihuwata, sai na ce a raina wa zai soke ni a nan, alhali rabin gari dangina ne, rabin kuma surukansu.

Wata ranar kasuwa da hantsi muna sintiri a ƙafa ni da shef ɗina, wato shugabana a aiki, wani Badamagare mai ƙarancin magana, sai wani ɗan kabu-kabu ya tare mu ya ce mu yi sauri, wani ya zare wuƙa a tasha. Mun tarar da jama'a sun yi da'ira, samari da gorori, direbobi a kan rufin motoci suna kallo kamar ana dambe. Da muka kutsa tsakiya sai na ga mai wuƙar. Kawuna ne, wan mahaifiyata.

Mahauci ne. Duk rani Kano yake tafiya ci-rani, a wannan shekarar kuwa ya dawo ba shi ba, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa. Mun ɓoye abin a gida, muna ta rubutu da hayaƙi. Ga shi yanzu a gaban duniya, ba hula, doguwar wuƙar fawa a hannun hagu, ya riga ya yanki wani kwandasta a damtse.

Shef bai san ko wane ne ba. Ya ja gefe yadda aka koya mana, hannunsa bisa bindiga, yana kora mutane baya da ɗaya hannun. Na san in kawu ya yi kan wani, ko shef ya harba ko samarin nan su gama da shi. Na raɗa masa cewa kawuna ne, ya bar ni in yi magana. Ya dube ni sau ɗaya ya ce in yi, amma kada in matsa.

Na yi sallama. Kawu ya juyo, ya gane ni, fuskarsa ta saki. Ya miƙo mini hannun dama.

"Ɗan ƙanwata, zo mu gaisa."

A garinmu babba ba ya miƙo hannu ya koma da shi haka. Hannu biyu kake sawa ka karɓa, kana rusunawa. Ƙafata har ta ɗaga da kanta. Amma idona na kan hagunsa, inda yatsunsa suka yi ta matse ƙotar wuƙar suna saki. In na ba shi hannu biyu na sunkuya, wuyana da bindigata duk na miƙa masa. Na tsaya cik. Bayana na ji wata tsohuwa tana cewa kaki ya sa yaro ya ƙi hannun kawunsa, ai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ita tana can nesa bayan buhunan hatsi.

Hannun kawu na nan a miƙe. Murmushin yana gushewa. Ya tako taki ɗaya, na ja baya ɗaya, na ji shef ya ɓalle maɓallin gidan bindiga.

Sai na tuna rumfarsa. Tun ina yaro, ko wa ya zo gaishe shi, sai ya ajiye wuƙa bisa teburi, ya goge hannu a zane, sannan ya gaisa. Yakan ce mahaucin kirki ba ya haɗa gaisuwa da ƙarfe.

"Kawu," na ce, "yaushe ka fara gaisawa da wuƙa a hannu?"

Ya dubi hagunsa kamar yanzu ya gan ta. Kunya ta kama shi. Ya sunkuya ya ajiye ta a ƙasa a hankali, ya goge tafukansa a gaban riga, ya sake miƙo hannu. Na matsa na kama da hannu biyu, na rusuna, na tambaye shi gajiya. Shef ya take wuƙar ya shure ta baya. Kawu ya amsa lafiya lau, ya nemi zare hannunsa. Ban saki ba. Ya sake ja, na ƙara damƙewa, har shef ya rufe ankwa a wuyan hannunsa. Bai yi kokawa ba, kallona kawai ya yi.

An kai shi asibiti a Damagaram, ya sha magani, ya samu sauƙi, ya koma rumfarsa. Mahaifiyata ta ce na ceci ransa, shef ma haka ya ce. Ina zuwa gaishe shi duk sallah. Yakan amsa da fara'a, ya tambayi iyali, ya sa a ƙunsa mini nama. Amma da ya hango ni tafe, sai ya tura hannuwansa biyu cikin aljihun riga, ba ya fito da su sai na tafi.