Likitanmu da Likitansu

Wannan rana ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. A rumfar awon gyaɗa ta Wudil abin ya faru, ranar kasuwa, tun Turawa ba su tafi ba. Akwai ni, da babban ɗana mai riƙe da sikelin kamfani, da akawun da ke samansa, da wanzamin gidanmu na Achika, sai wata tsohuwa mai ƙosai wadda ba a gayyace ta ba amma ta fi kowa baki.

Haƙori ne ya tasa ni gaba. Na sa kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri, a banza, kumatu ya yi suntum. Yaron nan, babban ɗana, ya zo gaishe ni ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki. Kamfani ya ɗauke wa ma'aikata da iyayensu kuɗin magani. Likitanmu zai cire miki, ko anini ba za ki bayar ba." Ya haye kekensa ya tafi.

To ni likitanmu ɗaya na sani a duniya. Wanzamin da ya cire wa yaron nan beli, ya yi masa kaciya, uban wanzamin kuma shi ya yi mini askin suna. In ba shi ne namu ba, wane ne? Na aika ya zo da zabirarsa, ya yi bisimilla, ya sa awartaki, ƙwas! Ranar na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Da zai tafi na ce, "Sarkin Aska, yau ba hannuna za ka duba ba. Kamfani ne zai sallame ka."

Bawan Allah, kafin Juma'a duk Achika ta ji cewa ya zama likitan kamfani. Ya sha babbar riga da rawani, muka nufi Wudil, ni a gaba, don ni ba na alkawari in laɓe a ɗaki.

Akawu ya gaishe mu har ƙasa, ya saurare ni tsaf. Sannan ya ce, "Inna, kamfani yana da likitansa a Kano. Wanda ya je wurinsa, an ɗauke masa, har kuɗin mota. Wanda ya je wurin wani kuwa, shi zai biya da kansa."

Na ce, "Haƙorin ne bai fita ba?" Na kwance bakin zane, na ɗora shi a kan sikeli. "Ga shi nan. Ku da ba ku yarda da komai sai kun auna."

"Ya fita, Inna. Hannun da ya cire ne ba namu ba."

Sai mai ƙosai ta yi caraf ta ce, "Malam akawu, a mayar mata da shi mana, a kai ta Kano a sake cirewa!" Rumfa ta ɗauka, har masu dakon buhu suka sauke kaya don dariya.

Yaron nan kai a ƙasa ya ce, "Inna, na kamfani nake nufi."

Na ce, "Kai, tun yaushe kamfani ya zama mu? Shi ya yi maka kaciya?"

Ni ban yi dariya ba, fuskar wanzami nake kallo, don ni na fito da dattijo cikin jama'a da rawaninsa. Allah ya sa mai sauƙin kai ne. Ya shafa gemu ya ce, "Ashe sarautar tawa ba za ta kai la'asar ba." Nan ni ma murmushi ya ƙwace mini, da sabon giɓina.

Har yau ina nan a kan bakana, ba ni na yi kuskure ba, yaron ne ya gutsure magana. Amma na ɗauki darasi: duk wanda ya ce an ɗauke miki, ki tambaye shi a wurin wa, kuma tun haƙorin yana bakinki.

Washegari da sassafe na kama zakaran da nake tattali, na cika ƙwarya da gero, na kai wa wanzami da ƙafata. Na tsaya a ƙofar gidansa, na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, na ce, "Sallama da likitanmu! Ga saƙon kamfanin Achika."