Takun Yayana a Cikin Gero

Gonarmu jigawa ce. Idan ka fita daga ƙauyenmu ta yamma, ka wuce kukar da ke bakin hanya, ƙasa takan fara tashi a hankali, ba ka lura sai gwiwarka ta gaya maka. A saman wannan tudun gonar take. Rairayi ne mai laushi, fari-fari a sama, idan ka tona kamu biyu sai ya koma ja. Ba ya wahalar da fartanya, amma ba ya riƙe komai. Ruwa ya sauka da safe, kafin azahar ya shige ciki, ka taka ba ka ɗauko taɓo a ƙafa ba. Taki ma sai an zuba duk shekara. Can gangare akwai fadama mai baƙar laka, wadda ke tsagewa da rani ta kama ƙafa da damina, masu gona a can dole su jira ruwa ya jiƙa ta. Mu a tudu muna iya yin binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, ya kwanta yana jira.

Yayana ne ya riƙe gonar bayan rasuwar mahaifinmu. Ni na tafi unguwar Bacirawa a birni na koyi ɗinki, na zauna can, sai da salla ko da kaka nake leƙowa. Tun muna samari ya faɗo daga kan ɗorawa, ƙafarsa ta hagu ta ɗoru a karkace, daga nan yake ɗingishi. Bai taɓa barin hakan ya hana shi aiki ba.

Bara, a ƙarshen bazara, ya yi binnen gero. Safiya uku ya yi shi kaɗai, ya bi gonar yana sara da sungumi, ya dawo yana zuba iri yana rufewa da diddige. Irin nasa ne, wanda yake zaɓa daga manyan zangarniyoyi kowace kaka, kuma duka ya juye. Kwana biyar bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai cika mako a kwance ba Allah ya karɓi abinsa.

Na rufe shago na dawo gida. Washegarin sadakar bakwai, da la'asar, hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Muka sa rai. Abin da ya sauka bai wuce yayyafi ba, ya kwantar da ƙura, ya tayar da ƙamshin ƙasa, ya wuce. Kwana huɗu suka biyo baya da rana mai zafi, sama wasai.

Duk manomi ya san abin tsoro a nan. Idan ɗan ruwa ya kai ga iri, zai farka ya fitar da saiwa, sai kuma rana ta ƙona shi a ciki. Shuka ta mutu ke nan tun ba a gan ta ba.

Baffa, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba a gidan yanzu. Ya kira ni zaure ya buɗe tafin hannunsa. Ƙwayoyin gero ne 'yan kaɗan, sun kumbura, kowace da ɗan farin zare da ya bushe.

"Daga gonar ɗan'uwanka," in ji shi. "Rami uku na tona a bakin hanya, duk haka. Na yi magana da mai garmar shanu, ranar Asabar zai yi huɗa. In ka je kasuwar Ɗanbatta ka samo iri, ruwa na sauka a shuka."

Na ce, "Baffa, da a ɗan jira."

"A jira me? Daminarmu ba ta da tsawo. Ran da ruwa ya sauka kowa zai nemi shanun nan. In muka zauna kallon gona har mako ya wuce ba ta fito ba, me matarsa da yara za su ci baɗi?"

Gaskiya ya faɗa. Amma na san idan garma ta shiga, aikin ƙarshe da Yaya ya yi da hannunsa ya tafi, irinsa ma ya ƙare.

Matar Yaya tana takaba, ba ta fita. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta gidan, kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanin mijinta. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai Malam Tela. Tun rasuwar kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta, tana ciki a kan tabarma, na gaya mata abin da Baffa ya yanke.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "A ina ya tona?"

"Bakin hanya."

"Can ai ƙasar tana da tauri, jar ƙasa tana kusa. Sungumi ba ya nutsewa. Kuma ruwan hanya can yake gangarawa. Kullum yayanka yana cewa layi biyun nan sadaka ne. A tsakiya fa?"

Na ce mata na duba tsakiya ban ga alamar rami ko ɗaya ba. Iskar ranar nan ta share rairayin ya zama sumul. A bakin hanya ne kawai sawun diddigensa ya rage, shi ya sa Baffa ya samu wurin tonawa.

Ta ce, "To ka kawo mini ƙasar. Ka je kusa da gawon tsakiyar gonar, ka ɗebo ta sama, da ta zurfin yatsa, da ta inda wuyan hannunka ya nutse. Yayanka a tsakiya da zurfi yake sara in binne zai yi."

Ban san ta san wannan ba. Daga baya ta gaya mini cewa kullum ya dawo sai ya ba ta labarin gonar kamar labarin wani mutum, yau ta sha, yau tana jin ƙishi.

Da sassafe na tafi. Na ɗebo kamar yadda ta ce, na zuba duka a baƙar leda ɗaya, na ƙulle, na tsaya gaisawa da mutane a hanya. Da na miƙa mata ta kwance, ta leƙa, ta sa hannu.

"Malam Tela," ta ce, "yaji na aike ka ka haɗo?"

Na leƙa ledar.

"Ka gauraya su, ka kuma bar leda ta yi gumi a rana. Yanzu wace ce ta sama, wace ce ta ƙasa? In mutum ya kawo maka yadi uku, haka kake yanka su a haɗe?"

Na ji wata 'yar dariya ta kuɓuce mata, gajeriya, ta yi sauri ta rufe baki da mayafi. Ni ma na sunkuyar da kai. Wannan ne karo na farko da aka yi dariya a gidan.

Washegari ta ba ni ƙoƙo uku. Na koma gindin gawon, wanda ya fara zubar da ganye kamar yadda yake yi idan damina ta kusa. Na durƙusa na tona a hankali. Ta sama tana da ɗumi tun da safe. A zurfin yatsa na ji ɗan sanyi, launinta ya ɗan yi duhu. Da na ƙara nutsa hannu sai rairayin ya koma zubewa ta tsakanin yatsuna. Na rufe kowane ƙoƙo da ganye, na dawo ban tsaya ko'ina ba.

Ta ɗauki ta biyu ta dunƙule a hannu, ta buɗe. Ƙasar ta ɗan tsaya da siffar yatsunta kafin ta rushe. Ta ɗauki ta uku ta dunƙule da ƙarfi, ta buɗe, ta zube kamar gari. Ta sake, ta kai hanci ta shinshina.

"Ruwan bai kai ba," ta ce. "Irin yana barci."

Na kai wa Baffa ƙoƙunan. Ya taɓa kowanne, ya daɗe a kan na ukun. Ya ce wannan ya nuna inda ruwa ya tsaya, bai nuna inda iri yake ba, wa ya tabbatar da zurfin saran? Na ce matarsa. Ya tashi da kansa ya je bakin ƙofarta.

"'Yata, kin san abin da kike ɗauka? In bai fito ba, mun makara."

"Na sani, Baffa. Abincina ne da na yara. Ina roƙo a bar masa."

Baffa ya dubi ƙasa. Ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya aika aka gaya wa mai shanu ya ba wani ranar.

Kwana tara muka yi muna jira. Ban taɓa kallon gabas kamar a kwanakin nan ba. Hadari ya taso sau biyu ya watse. Maƙwabta da suka yi binne tare da Yaya, wasu suka yi huɗa suka sayo sabon iri. Ba wanda ya ce mana komai, sai dai in na wuce a ce, "Sannu da haƙuri," ban san wane haƙurin ake nufi ba. Ita kuwa ba ta ƙara tambayata ba. Na lura dai ba ta zubar da ƙasar ƙoƙo na uku ba, tana nan a gefen tabarmarta.

Ranar ta goma, bayan azahar, ruwa ya sauka na gaske. Indararo ya yi ta zuba har magariba. Da safe na tona a gindin gawo har gwiwar hannu ban iske busasshiya ba.

A rana ta huɗu bayan ruwan na hau tudun tun rana ba ta yi zafi ba. Layi biyun bakin hanya babu komai. Na wuce su. Sai na fara gani, tsinke-tsinke kore, cunkus a kowane rami, daga nan har iyakar gamba ta arewa.

Na tsaya ina bin layi ɗaya da ido, sai na ga tazarar ba daidai take ba. Rami, sai tazara mai tsawo, rami, sai gajeriya. Mai tsawo, gajeriya, har ƙarshen gona. Mai sara da takunsa yake auna rami. Ƙafar dama, ƙafar hagu. Shekara da shekaru ina zuwa da kaka, gero ya riga ya rufe ƙasa, ban taɓa ganin wannan ba.

Na cire takalmi na bi layin, ina sa ƙafata gefen kowane rami. Kafin na kai gawo na ji ina tafiya irin tasa. A nan na zauna na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Baffa ya iso daga baya. Ya dubi gonar, ya dubi layin. Ya ce dai a samo wake a cike bakin hanya.

Da lokacin rage shuka ya yi, ni na yi aikin, bayana yana ciwo. Abin da na cire daga ramukan gindin gawo ban zubar ba, na kawo mata da rairayin a jikin saiwar. Na gaya mata yadda tazarar take, mai tsawo da gajeriya. Ta riƙe su a cinyarta, tana murza ƙasar da yatsa.

"Kafin in fita takaba gero ya rufe ƙasa," ta ce. "Ba zan gani ba."

Na ce, "Na auna da tef ɗina, na rubuta."

Ta ɗago kai. "Malam Tela, gonar ma sai da ka gwada ta?"

Na ce eh. Ta ce to in karanta mata, a hankali, daga bakin gawo.