Inda Yaya Ya Bar Maɓallan

Zamanin mulkin gurguzu, da ake kiran kowa kamarad, har mai sayar da gawayi, sojoji suka tafi da yayana tare da wasu ɗaliban jami'a. Tsohuwar jitarsa ta lantarki ta zauna bayan ƙofa a ɗakinmu na unguwar Zongo a Kwatano. Tana da maɓallai uku da ake murɗawa a daidaita sauti, kuma shi kaɗai ya san inda yake tsayar da su har muryarta ta yi kauri kamar ta mai mura. Duk Juma'a Inna takan sa in haɗa ta da lasifika in kaɗa sau ɗaya, ta saurara, in mayar.

Iskar teku ba ta barin ƙarfe lafiya a Kwatano. Damina biyu, maɓallan suka ƙage, ko motsi ba sa yi. Rawar kai ta ɗebe ni, na ce ba zai dawo ya tarar da ita haka ba. Na kai ta wurin mai gyaran rediyo a unguwar Gbégamey, ya ɗiga kananzir, ya yi ta murɗawa gaba da baya har suka saki.

Ran Juma'a na kaɗa, sai ta yi siririyar ƙara irin ta kowace jita. Inna ta ajiye rariyar da ke hannunta.

"Wa ya aike ka?" ta ce.

Tsatsa ta riƙe mana inda hannunsa ya tsaya, ni kuma da ƙafata na kai aka goge. Na shekara ina murɗawa ban dace da wurin ba, Inna kuwa ba ta sake cewa in kaɗa ba.