Likkafanin Iya a Akwatin Kawu

Abu ɗaya Iya ta taɓa roƙona tun da na zo Makka na zauna, shi ne likkafani. Ba ta ce zinare ba, ba ta ce atamfa ba. Cewa ta yi in sayi farin yadi, in tsoma shi a ruwan zamzam, in shanya, in aika mata, don ranar da ta cika a naɗe ta a ciki. Na san malamai sun ce yadi ba ya kai kowa aljanna, ni ma ban ce yana kaiwa ba. Amma tsohuwa ce da ba ta taɓa ganin Ka'aba ba, ta kuma san ba za ta gani ba, ta ce a ba ta ko ɗan abin da ya taɓa garin. Wa zai hana ta?

Ni kuwa ba ni da halin kai mata da hannuna. Aikin hajji na zo na maƙale, na shiga sahun waɗanda ake kira takari, ba iƙama ba takarda. In na fita, na fita ke nan. Lokacin a unguwar Nakkasa nake, can saman dutse, kafin a rushe mana mu watse. Tuwo da miyar kuka nake yi ina sayar wa alhazanmu da shinkafar Larabawa ta ishe su. Da wannan tuwon ake sayen maganin Iya, domin ɓarin jikinta ya shanye, ko juyi ba ta iyawa sai an juya ta.

Mai juya ta ita ce Mama, matar ƙanen mahaifina, wato faccalarta. Mama Kirista ce. A ƙauyenmu wannan ba abin mamaki ba ne. Kakanmu Bamaguje ne, babana ya musulunta, ƙanensa ya bi 'yan mishan, suka ci gaba da zama gida ɗaya, zaure ɗaya, rijiya ɗaya. Mazan suka rasu suka bar matan. 'Yan'uwana duk sun riga Iya tafiya, ni kaɗai na rage, ni ɗin kuma ga inda nake. Da ciwo ya kwantar da Iya, Mama ba ta jira wani ya ce mata komai ba, ta naɗe tabarmarta ta koma ɗakin.

Ita ke kwashe kashi da fitsari, ita ke wanka, ita ke ba ta kunu a baki. Ta san lokutan sallar Iya fiye da wasu masu sallar. In an kira azahar za ta kawo buta ta riƙe mata hannu ta yi alwala, ta jingina ta da filo tana kallon gabas, sannan ta fita ta ba ta wuri. Da azumi, kafin likita ya hana, ita ke dafa mata sahur. Ran Lahadi tana zuwa coci, amma ana gama addu'a take fitowa, ba ta tsayawa hirar zumuntar mata. Na taɓa ce mata a waya, "Mama, kina wahala da yawa." Ta ce, "'Yata, mu abin da aka koya mana, in kana son Allah ka duba wanda ke kwance kusa da kai. Uwarki ce kusa da ni. Ina zan kai ta?"

Iya tana da ƙane, Kawu, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana birni, yana da shago, yana da mota, kusan kowace shekara sai ya zo Makka, in ba hajji ba umra. Hanyar Jidda ta san ƙafarsa fiye da hanyar ƙauyenmu. An ce zumunci a ƙafa yake, to ƙafar Kawu ba ta da laifi wajen hawa jirgi, a hanyar ɗakin yayarsa ne take ciwo. In ya zo Makka kuwa, wurina yake cin tuwo, ya miƙe ƙafa ya yi min wa'azi a kan haƙƙin iyaye.

Shekarar da na samu hali na sayi yadin, mai kauri, mai kyau. Na sauka Kudai inda ake ɗibar zamzam, na ciko jarka, na hau da ita dutsen nan ina haki. Na wanke baho tas, na jiƙa yadin, na shanya a rufin gida ina gadinsa kada tantabaru su ɓata. Da ya bushe na ninke, na sa a leda, na haɗa da dabino da 'yar gorar zamzam ta sha. Bayan an sauko Arfa Kawu ya zo sallama, na miƙa masa na ce, "Kawu, don Allah a hannun Mama za ka sa, ita ke ajiye kayan Iya."

Ya ɗago ya dube ni. "A hannun wa?"

"Mama."

Ya ce Allah ya kai mu lafiya, ya sa a jaka.

Bayan ya isa na kira gida. Mama ta ce dabino ya zo, gorar ruwa ta zo, direbansa ya kawo. Yadi kuwa ba ta gani ba. Na kira Kawu ina zaton mantuwa ce. Ashe da gangan ne. Ya ce shi dai yana raye ba za a ɗauki abin da aka tsoma a zamzam a ba wadda ba ta salla ta sa cikin kayanta ba. Ya kulle shi a akwatin ƙarfe a ɗakinsa, makulli yana jikinsa. "In ta faru, ai ina nan," in ji shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kawu, hannun da yake wanke yayarka safe da yamma, shi ne bai isa ya taɓa yadinta ba?" Ya ce ba ni da tarbiyya, zaman takari ya lalata ni, ya kashe waya.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, da na ba maƙwabtana labari ina neman mai taya ni, sai suka bi bayansa. Wata haifaffiyar nan, wadda Hausarta rabi Larabci ce, ta ce, "Wallahi hada mushkila, ya ukti. Ke ma kin yi ganganci, kin bar uwarki hannun Nasara. In ta juya mata tunani fa? Halas, ki bar wa halinki, shi ya san addini." Ukti, wato 'yar'uwata; halinki, wato kawunki. Na ce mata wadda take tsoron ta juya wa Iya tunani ita ke juya Iya ta kalli alƙibla. Ta taɓe baki. Ba wadda ta taɓa ganin Mama a cikinsu, ba wadda ta taɓa kwashe fo ɗin uwar wani, amma kowacce tana da fatawa a baki. Zama kusa da Harami yana sa wasunmu su ɗauka tsarkin wurin ya shige su ta tafin ƙafa.

Duk sanda na kira, tambayar Iya ɗaya ce da harshenta da ya yi nauyi: "Ya iso?" Na roƙi Mama ta ce mata yana cikin akwatin ɗakin, don hankalinta ya kwanta. Ta ƙi. Ta ce ba ta taɓa yi wa Iya ƙarya ba, ba za ta fara a kan likkafani ba. Abin da take gaya mata shi ne, "Ya iso ƙasar nan, yana wurin ƙanenki." Iya ta aika a ce masa ya kawo ta taɓa ko sau ɗaya, ta ji ƙanshinsa. Ya aiko cewa ta daina kiran mutuwa. Mama da kanta ta hau motar kasuwa ta je birni, ta durƙusa a zaurensa, ta ce in hannunta ne matsala, ya ba limamin ƙauyenmu ya ajiye. Ya bar ta a zaure har la'asar, sannan ya aiko mata da kuɗin mota. Ni ban ji wannan daga bakinta ba, matarsa ce ta gaya min daga baya.

Cikin wannan hali Iya ta fara kawo min ƙarar faccalarta, da wasa irin nasu. Ta ce, "Wannan matar ta fara min rowa. Da kullum take ba ni zamzam a murfi, yanzu sai Juma'a, shi ma ɗigo." Ina jin Mama daga gefe tana cewa, "To ki tashi ki ƙwata mana." Suka yi dariya, ni ma na yi. Ban kawo komai a raina ba.

Da watan Mauludi Kawu ya zo umra. Duk da abin da ke tsakaninmu ya hawo Nakkasa, don cikinsa ba ya gaba da kowa. Da hantsi ne, yana zaune a tabarmata ya sa kwanon tuwo a gaba, wayata ta yi ƙara. Mama ce. Muryarta a nitse ta ce, "'Yata, sai haƙuri. Uwarki ta tafi yanzun nan. Na kira matar liman tun da na ga alama, ita ta yi ta karanta mata kalmar shahada, ta kuma amsa."

Da na dawo hayyacina, abin da ya fara faɗo min shi ne yadin. Na ce, "Kawu, Iya ta rasu. Ina makulli?"

Ya yi salati, ya share hannu, ya shafa aljihun jallabiyarsa. Na ji ƙarar makullan. Suna nan tare da shi, a Makka.

Na ce ya kira gida a fasa akwatin. Ya fara lissafi: ɗakin ma a kulle yake da ƙofar ƙarfe, sai an nemo mai walda, ga damina rafi ya kawo, mota ba za ta isa ƙauye ba sai yamma ko gobe, gawa kuwa ba ta jira. Sannan ya faɗi maganar da har in mutu ba zan manta ba. Ya ce, "Ai ba komai. Kowane farin yadi ya wadatar. Zamzam ɗin nan ba sharaɗi ba ne, al'ada ce kawai."

Al'ada ce kawai! Wata da watanni yadin nan ya fi ƙarfin hannun Mama saboda tsarki, tsohuwa tana roƙon ta taɓa shi an hana ta. Yau da makulli ya zama laifinsa, sai ya koma yadi kamar kowane yadi. Ban zage shi ba, ƙanen uwata ne, kuma uwata ko wanka ba a yi mata ba. Na dai ɗauke kwanon tuwon daga gabansa. Tun da nake ban taɓa ɗauke abinci daga gaban babba ba sai ranar, kuma ban yi nadama ba.

Na sake kiran gida ina kuka, ina cewa ko a aika garin da ke gaba a nemo yadi, don ranar ba kasuwa. Mama ta ce, "Kwantar da hankalinki, an riga an yanka." Matar liman ta karɓi wayar ta ba ni sauran labarin. Mama ta haɗa musu ruwa da sabulu ta fita, don ta san wankan gawa nasu ne. Can sai ga ta da farin yadi sabo fil, daga ƙasan akwatinta. Nata ne, wanda ta daɗe da saya ta ajiye don a yi mata sutura ranar tata tafiyar. Liman ya duba ya ce fari ne, mai tsabta ne, ya halatta. Sannan Mama ta miƙo gorar zamzam ɗin nan, da saura fiye da rabi, ta ce su yayyafa a kai da hannunsu.

Nan na gane rowar. Tun ranar da ta dawo daga zauren Kawu ta san yadin ba zai zo ba, ta fara tsimin ruwan. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. An kai Iya kafin azahar, cikin yadin faccalarta, yana danshin zamzam.

Bayan kwana biyu Mama ta ce min in yafe wa Kawu, ita ta yafe tun a zauren. Ta ce riƙo kaya ne, mai ɗauka shi ke gajiya. Na ce na ji. Na ji ɗin, amma ban ce na yi ba. Ita tana da wannan zuciyar, ni tawa har yau in na tuna ƙarar makullan nan sai ta tafasa.

Da aka tashe mu daga Nakkasa na dawo Kudai, abu na farko da na saya shi ne farin yadi, mafi kyau da na samu. Na kira Mama na ce zan aiko mata madadin nata, ta hannun wata hajiya 'yar garinmu. Na tambaye ta ko in tsoma. Garin da nake ba za ta taɓa shigowa ba, ta sani, na sani. Ta yi dariya ta ce, "A'a 'yata, nawa ba sai an jiƙa ba. Ki dai yanko da yawa, kin san na fi uwarki jiki."

Kawu kuwa, da hajji ya zagayo ya aiko yana tambaya, wai yaya za a yi da likkafanin da ke akwatinsa. Na ce a gaya masa ya ci gaba da ajiyewa, na bar masa. Ya dai tabbata ranar da za a nema, makullin yana hannun wanda yake kusa.