Tungar da Kwamfuta Ba Ta Sani Ba

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, mu uku cikin tsohuwar landirobar ofis: direba, malamar jinya, da ni. Ta huɗunmu kwamfuta ce, kuma ita ce babba a tafiyar, don ita aka ba kujerar gaba aka ɗaure da igiya. Ni da malamar jinya muka cusu a baya tare da kwali ɗaya na ledojin ƙarin ruwa. Labari ne ya zo cewa amai da gudawa ya ɓarke a bakin tafkin Kainji, wajen Ngaski, aka ce mu je mu gani mu aiko da bayani.

Wata ƙungiyar agaji ce ta kawo mana kwamfutar. Girmanta bai wuce na keken ɗinki ba, tana cikin akwatin ƙarfe mai roba a baki, kuma batirin mota take sha. Baturen da ya koya mini aiki da ita ya taɓa ture ta daga kan tebur da gangan. Na zabura zan tare ta, shi kuwa sai dariya, ya ce ko ruwa ko zafin rana ba sa yi mata komai. Ni aka zaɓa saboda ni ne mai buga tafireta a ofis, kuma sai da na sa hannu a takarda cewa ba zan rabu da ita ba. Aikina shi ne in shigar da kowane majinyaci, sunansa da shekarunsa da garinsu, in kwashe a faifai in aika Yelwa. A can akwai ɗakin ajiye magani da jirgi mai inji. Garin da takardar da aka buga daga faifan ta nuna, can jirgin zai kai kaya.

Damina ta cinye hanya tsakanin Jega da Koko. Direbanmu, wanda na san shi da faɗa wa rami ido rufe, ranar nan lallaɓa motar yake yi, yana waiwayar akwatin. Na ce masa shekara nawa muna tafiya tare bai taɓa tausaya wa ƙuguna haka ba. A Jega muka karya da ƙosai, wanda bara ake ba ka cike da takarda a sule biyar, bana kuwa sai ka ƙirga da yatsun hannu ɗaya. Mai ƙosan ta ce in je in yi faɗa da mai man gyaɗa.

Da la'asar muka shiga Yelwa. Ƙaurin bandar kifi ne ya fara yi mana maraba, sannan 'yan kabu-kabu da ke ratsa kasuwa kamar an biyo su. Na ci tuwon shinkafa da miyar ragon ruwa har na ji kunyar malamar jinya. Jami'in da ke kula da ɗakin magani ya shimfiɗa mana taswira, ya ɗora yatsa a kan wani ƙauye a tsallaken ruwa, cikin waɗanda gwamnati ta gina da siminti lokacin da aka tare kogi aka tashi mutane. Ya ce can za mu. Ƙauyen siminti zan riƙa kiransa.

Washegari da hantsi muna Wara. Muka bar direba da mota a bakin ruwa, muka ɗauki wani mai kwale-kwale, magidanci ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Shi ya ɗora akwatin a ka, ya tambaye ni, "Malam, mi ac ciki?" Nan na shiga cika baki. Na ce wannan na'ura ta san kowane gari a Jihar Sakkwato, duk wanda na rubuta a cikinta magani zai same shi har ƙofar ɗaki. Ya sauke ta a tsakiyar jirgi a hankali, ya cire rigarsa ya lulluɓe ta.

Tafkin ya cika ya batse. Kawunan itatuwan da ruwa ya shanye suna leƙowa nan da can, shi kuwa yana kauce musu ba ya ko dubawa. Sai da muka yi nisa ya ajiye filafili a cinya. Ya ce in ciwo muke nema, ba a ƙauyen siminti yake ba, yana tungarsu ta masunta, a kan wani tudu da ruwa ya kewaye. "Mutane na kwance awa itace. Innata ma tun jiya ba ta tashi ba." Malamar jinya ba ta ko dube ni ba, ta ce ya juya kan jirgi.

Wajen sauka akwatin ya suɓuce ya faɗa ruwa. Na yi salati na bi shi, takalmina ɗaya ya tafi har yau. Da muka buɗe, ko ɗigo bai shiga ba. Na haɗa batir, fuskarta ta kawo haske, mutanen da ke iya tsayuwa suka yi ta mamaki. A lokacin har wani alfahari na ji.

Abin da na gani a tungar ba na son in faɗa duka. Bukkoki ne na ciyawa, taruna a shanye ba mai taɓa su, ƙudaje sun fi mutane ƙarfi. Malamar jinya ta rataya ledoji a jikin sandunan shanya kifi, ta sa mata dafa ruwa ana zuba gishiri da sukari. Innar mai jirgi tsohuwa ce 'yar firit, idanunta sun faɗa, in ka ja fatar hannunta sai ta tsaya a tsaye. Aka sa mata leda.

Ni kuma na zauna ƙarƙashin rumfa na fara aiki. Suna ya shiga, shekaru suka shiga. Da na zo wajen gari na buga sunan tungar, sai ta yi ƙara ta goge. Na sake, ta sake. Ashe jerin garuruwa aka zuba mata daga taswirar ofis, wanda ba ya ciki ba ta karɓa, kuma ba ta wucewa gaba sai an cike gurbin. Tungar masunta kuwa bin ruwa take yi, bana nan, baɗi can, wa zai sa ta a taswira? Da na rasa yadda zan yi, na riƙa zuba su a ƙarƙashin ƙauyen siminti. Na yagi takarda na rubuta cewa mutanen nan a tunga kaza suke, can za a kawo kaya, na naɗe ta a jikin faifan da roba.

Malamar jinya ta ce, "Ka bi faifan nan ka faɗa wa mutanen Yelwa da bakinka. Ledojin nan ba za su kai jibi ba." Na ce na sa hannu ba zan bar na'ura ba, ga kuma sauran mutane ban shigar ba, takarda ta isa. Akwai hanya mafi sauƙi ma, in gaya wa mai jirgi shi ya gaya wa direba. Amma ɗazu-ɗazu na cika masa baki cewa ta san kowane gari. Kunya ta hana ni ce masa ba ta san nasu ba. Na miƙa masa faifan kawai. Ya karɓa da hannu biyu, ya leƙa innarsa, ya kama hanyar Wara don ya ba direba ya kai Yelwa, ya dawo kafin magariba.

Kwana ɗaya ya wuce ba jirgi. Tsohuwa ta ɗan farfaɗo, har ta tashi zaune ta yi wa ɗanta faɗa don ya bar taru a ƙasa. Zuwa yamma cikin ya sake tsinkewa. Leda ta ƙarshe wata mai juna biyu aka sa wa, kuma shi kansa mai jirgin ya ce hakan ne daidai.

Rana ta uku, wajen hantsi, muka ji ƙarar inji. Duk mai ƙafa ya gangara bakin ruwa. Ga jirgin can tsakiyar tafki, kwalaye jibge an rufe da tamfol. Muka jira ya karyo, bai karyo ba. Mata suka cire mayafai suna kaɗawa, maza suna ihu, ni na tuɓe riga ina tsalle kamar mahaukaci. Jirgin ya miƙe abinsa ya nufi ƙauyen siminti, har ƙarar ta ɓace. A duk waɗanda ke tsaye a wurin, ni da malamar jinya kaɗai muka san dalili, ita kuma ta juya ta koma wajen majinyata. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Mai jirgi ya faɗa kwale-kwalensa ya bi su da filafili. Bayan azahar tsohuwa ta cika, kanta a cinyar malamar jinya. La'asar sakaliya sai ga shi a cikin jirgi mai inji, an ɗaure nasa a baya, yana tsaye a gaba rungume da kwali. Tun kafin su iso gaɓa ya ga an fara yayyanka farin ƙyalle a ƙofar bukkarsu.

Kayan sun ceci mutane da yawa, ba zan ɓoye wannan ba. Mun ƙara kwana huɗu kafin ciwon ya lafa. Ranar komawa mai jirgin nan ne ya sake ɗauko mu. A tsakiyar ruwa ya ce, "Malam, ka sa innata cikin na'urar dai, ko?" Na ce na sa. Ya ce, "A wane gari?" A nan na gaya masa komai, abin da ya kamata in faɗa tun ranar farko. Ya ci gaba da tuƙi. Sannan ya ce lokacin da aka tashe su, an ba innarsa ɗaki a ƙauyen siminti, ta ƙi shiga, ta ce ba ta kwana inda ba ta jin motsin ruwa. "Ko dare guda ba ta yi can ba. Da ka hwaɗa mini, Malam, ai da baki nike da shi." Da muka isa Wara shi ya sauke mana kaya, ya yi mana addu'ar sauka lafiya.

A Yelwa na tambayi jami'in ina takardata. Ya ce ya cire ta don ya sa faifan, ya ajiye a tebur, sai bayan jirgi ya tashi ya gan ta a ƙarƙashin kofin shayi. Ban iya yi masa faɗa ba, da wane bakin?

Mun iso Sakkwato ana kiran magariba. Washegari maigidanmu na ofis ya jujjuya akwatin, ya ga ko ƙwarzane babu, ya ce in rubuta rahoto a aika wa masu ita cewa ta jure rami da rana da ruwa. Na rubuta, don gaskiya ne. Na ƙara da roƙon a buɗe gurbin gari yadda mutum zai iya buga kowane suna. Aka ce sai Baturen ya dawo, kuma ba wanda ya san ranar.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Ƙarfen ya yi duk abin da aka ce zai yi, ni ne na kasa buɗe baki in faɗi magana ɗaya a lokacin da take da amfani. Mako mai zuwa za a tura mu wajen Shanga da ita, can ma tungaye ne birjik a bakin ruwa. Na ce wa malamar jinya wannan karon da ƙafata zan kai kowane faifai. Ta ce to, Allah ya sa, ta ci gaba da ɗaure kwalayenta.