Ƙwayoyin Iya da Na Ba Maigidana

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru, ni matar masunci ce a wani ƙauye na bakin kogi kusa da Haɗeja. 'Ya'yana biyar, kuma ban daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba. Ni kaɗai ke karanta boko a gidanmu, shi ya sa duk wadda ta karɓo magani sai ta kawo mini in duba mata. Ina jin daɗin haka, ba zan ɓoye ba. Maigidana yakan zolaye ni, wai ni ce likitar da ba ta da allura. Har yau ina ganinsa a raina lokacin da ruwa ya janye daga fadama, yana zaune yana bandar kifi, hayaƙi ya rufe shi, yana tari yana dariya, yara na jiran ya miƙo musu kan tarwaɗa.

Tarin nan ne ya ƙi tafiya. Da ya fara zuwa da jini aka tura mu Kano, aka ce ciwon daji ne a huhu. Muka dawo da magunguna da ranar komawa. Wata rana ina tankaɗe sai na ji a rediyo wai masana suna binciken ko wani maganin ciwon zuciya zai iya kashe dajin huhu. Na tashi da gari a hannu na rubuta sunan, ban tsaya jin sauran bayanin ba. Da na duba kwalin ƙwayar da surukata Iya take sha saboda zuciyarta, sai na ga sunan ne.

Maigidana ɗan farinta ne, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma shiga ɗakinsa dubiya. Daga tsakar gida take tambayata yadda mutumin nan ya tashi. Na gaya mata abin da na ji a rediyo. Washegari ta kwance bakin zaninta ta damƙa mini ƙwayoyi, ta ce an ba ta da yawa, in ba mai tarin, kada kuma in ce daga hannunta suka fito. Na san kunyar ɗan fari ce, sai na bar maganar a nan. Ban tambaye ta abin da ta rage wa kanta ba. Shi kuwa ya haɗiye bai ko duba ba, don ya yarda da ni.

Ba a jima ba ya fara amai, abinci ya fita ransa, ya ce komai rawaya-rawaya yake gani. Iya kuma ƙafafunta suka kumbura, numfashi sai a zaune. Ashe duka ta juye mini. A mota ɗaya aka kai su asibitin Haɗeja, shi a kwance, ita ta kau da kai tana share hawaye da mayafi. Da na faɗa wa likita gaskiya, bai yi mini tsawa ba. Ya ce binciken ana yin sa, amma bai kai a ba majiyyaci a gida ba, kuma ƙwayar nan tsakaninta da guba taku ɗaya ne.

Allah ya tashi kafaɗunsu su biyun. Maigida ya ƙara ganin kaka ɗaya kafin ciwonsa ya tafi da shi, bai taɓa goranta mini ba. Iya tana nan, sai dai zuciyarta ba ta koma daidai ba. Matar da ke zuwa gonar shinkafa da ƙafarta, yau ni ke kai mata buta.

Abin da na koya shi ne, iya karanta sunan magani daban, sanin magani daban. 'Yan'uwana mata, in kun ji ana binciken abu, ku bari a gama, ku kuma tambayi likita. Kada ku ba wani maganin wani, komai son da kuke yi masa. In kuwa uwa ta ce muku tana da saura, ku buɗe kwalin ku duba.