Haƙorin Ustad Gulbat

Shekara arba'in Ustad Gulbat, gwanin maƙeri, yana zuba harsashin dalma a wani lungu na kasuwar bindigogi ta Darra, a Pakistan, kuma haƙorinsa ne ma'auninsa. Duk dalmar da aka kawo sai ya gartsa mata cizo ya ce, "Ta yi taushi, a ƙara kuza." Maƙwabta kan tsokane shi, wai wata rana sai ya cinye jarinsa tas.

Bayan zubi akwai wani ƙarfe mai rami da yake tura kowane harsashi ta ciki, ya fito daidai da bakin bindiga. Nan sunansa ya fito. To amma duniya ta koma harsashin kamfani, masu tsofaffin bindigogi suka yi ta mutuwa, har ya rage masa mutum ɗaya tak: Samandar, manomin da aladun daji ke yi wa ɓarna a gonar masara.

A bana Samandar ya dawo da harsasai hamsin da ya saya. "Kaka, alade na tsaye gabas, harsashinka ya nufi yamma, sai Kabul! In ranar Juma'a ba su gyaru ba, wallahi sayar da bindigar zan yi."

Gulbat ya duba. Kowanne ya karkace, gefe ɗaya a kankare. Ya zagi dalmar zamani, ya canza ta. Ya canza kitsen da yake shafa wa harsashi. Ya goge ramin ƙarfen har yatsunsa suka yi ja. Ina! Komai ya zarga ban da hannunsa na dama, wanda tun bara yake langaɓewa daga wuyan hannu. Ai wani matashin likita a garin Kohat ya buɗe masa baki, ya ga dasashi ya yi shuɗi, ya ce dalma ce ta cika masa jini, kuma hannun ba lallai ya dawo ba. Gulbat ya ce yaron bai san aikinsa ba.

Ranar Laraba ya kwaso kayan zuwa gida don kada kasuwa ta ga abin kunya. Matarsa Bakhtawara na gasa gurasa, ta gaji da jin tsaki.

"Baban Palwasha, kawo in gwada."

"Ke? Wannan ba kwaɓin fulawa ba ne."

Ta share hannu a mayafi, ta ɗora harsashi a bakin ramin ƙarfen, ta danna. Ya fito sumul. Gulbat ya mirgina shi kan faranti, ko gargada babu. Ta sake, ta kuma sakewa.

"Sa'a ce kawai," in ji ta, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

"Sau uku, uwar Palwasha?"

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba: ashe hannunsa ne, likita ya yi gaskiya. Ya bar ta ta gama hamsin ɗin, sannan ya sa ta wanke hannu da toka har sau biyu. Ya rantse ba za ta ƙara taɓa dalma ba, abin da dalmar ta ci a gidan ya isa.

Ranar Juma'a Samandar ya ɗaga harsashi ɗaya yana juya shi a rana, baki har kunne. "Kaka, hannunka ya dawo! Bayan girbi ina son ɗari."

"Sayar da bindigar, ɗana, na bar sana'ar," in ji Gulbat.

Ya ɗauki butar shayi zai zuba wa baƙonsa. Da hannu biyu ya riƙe ta, duk da haka rabi a tabarma ya zube.